Anti, wuyana ya riƙe, in biya kuɗin gem ɗin motsa wuya ko in haƙura?

Ga saƙon da wata ƙanwarmu ta turo, na ɗan taƙaita shi:

"Salam Anti. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, shekarata 22, gidanmu na wajen Ƙofar Marusa, kuma ina ɗan saida atamfa da mayafai ta WhatsApp. Wata huɗu kenan wuyana na ciwo, daga ƙeya ya sauko kafaɗar dama, wani lokacin har kaina ya ɗauka. Ƙawata ta turo mani wani gem na waya, kamara ke kallon fuskarki, da kai ake tuƙa wani tsuntsu, kina juya wuya yana kwasar maki. Na yi kwana 9 a jere na ji sauƙi sosai, rana ta 10 babu wuta wayata ta mutu, lissafina ya koma sifiri, raina ya ɓaci na daina. Yanzu ciwon ya dawo. Suna cewa in biya kuɗin wata-wata su maido mani da kwanakina. Baba kuma ya ce ƙarya ce, wayar da ta kawo ciwo ba za ta kawo magani ba, kawai na samu wata hujjar riƙe waya ne. In biya ko in bari?"

Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki biya. Wannan ita ce amsar a gajarce, amma ki zamna ki karanta sauran domin ban ce ki goge gem ɗin ba, kuma ban ce Baba ya yi daidai ɗari bisa ɗari ba.

Kafin mu je ga maganar gem akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba tunda a Katsina muke. Duk ranar da wuya ya sandare miki lokaci guda, ga zazzaɓi mai zafi, ga ciwon kai kamar zai tsage, ga amai, ko idonki ba ya son haske, ko ki kasa kai haɓarki ƙirji, toh wannan ba na motsa jiki bane, asibiti za a kai ki a wannan sa'ar ko tsakar dare ne, domin da waɗannan alamun sanƙarau ke farawa. Kin dai tuna abin da ya faru a 2017 lokacin da ya shiga Zamfara da Sakkwato da Kebbi da nan Katsina, kuma lokacinsa shi ne rani, musamman in zafi ya tsananta wajen Maris da Afrilu. Hakanan idan kina jin hannu na mutuwa ko yatsu na tsira-tsira kamar ana soka allura, ko kofi na suɓuce miki, ko ƙafa na rasa ƙarfi, ko ciwon ya fara ne bayan kin faɗi ko hatsarin mashin ko na Keke Napep, ko yana tada ki daga barci kullum kina kuma ramewa, duk waɗannan likita ake fara gani kafin a juya wuya ko sau ɗaya. Ba ki ambaci ko ɗaya ba a saƙonki shi yasa hankalina ya kwanta, amma ki sake duba kanki da gaskiya. Kuma ciwon da ya kai wata huɗu ya cancanci ido ya gan shi ko da babu waɗannan alamun, ki samu rana guda da ba ki da lacca ki je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ki nemi a tura ki sashen gashin ƙashi, wato masu fisiyo, su taɓa wurin da hannunsu su faɗa miki wane motsi ya dace da ke.

Toh yanzu maganar Baba. Yana da gaskiya a rabi, kuma rabin nan mai nauyi ne. Kan babban mutum yana kai kilo 5 ko kusa da haka, ƙasusuwa 7 ne a wuya suke ɗauke da shi tare da naman da ke kewaye da su. In kai na tsaye daidai kan kafaɗa aikin ba wuya. Wani likitan ƙashin baya a New York ta Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da wani lissafi a 2014 da ya yi yawo a duniya, ya ce in kin sunkuyar da kai digiri 15 nauyin da wuya ke ji ya kai wajen kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 60 kuwa wajen kilo 27. Digiri 60 ɗin nan shi ne zaman da kike yi in wayar na kan cinya kina amsa wa kwastoma "nawa ne ƙarshe", kuma kilo 27 ya fi jarkar ruwa mai lita 25 nauyi. Ki ƙaddara an rataya miki ita a ƙeya tun daga la'asar har isha.

Sai dai kada wannan lissafin ya tsorata ki fiye da kima, domin lissafi ne na kwamfuta, kuma da wasu masu bincike a Birazil suka duba matasa 150 'yan shekara 18 zuwa 21 a 2018 basu ga cewa masu yawan sunkuyo a waya sun fi sauran ciwon wuya ba. Abin da na fahimta, kuma na gani da idona a gidanmu, shi ne sunkuyo kansa ba laifi bane, wuya an halicce shi ne don ya lanƙwashe. Daɗewa wuri ɗaya babu motsi shi ne matsalar, sai a haɗa da rashin barci da damuwar jarabawa da ta kuɗin kaya da ba a biya ki ba. Mai ɗinkin hula yana sunkuye, mai kitso tana sunkuye, mai lalle haka, tela haka, tun kafin a san waya a garin nan. Bambancin shi ne zare na ƙarewa mai hula ya ɗago ya sa wani, mai kitso ta gama layi ta miƙe ta juya kan yarinya, aikin da kansa yana da wurin tsayawa. TikTok da sitatus ba su da wurin tsayawa, an gina su ne don kada ki ɗago. Nan ne Baba ya gano gaskiya.

Inda zan saɓa mashi, cikin ladabi, shi ne kwana 9 ɗin nan da kika yi kika ji sauƙi ba ƙarya bane. Jikinki ne ya faɗa miki, ba talla ba. Amma ki lura da kyau, me ya kawo sauƙin? Tsuntsun bai taɓa wuyanki ba. Abin da gem ɗin ya yi shi ne kamarar gaba tana gane inda hancinki da idanunki suke, in kin juya kai sai ta lissafa ta motsa tsuntsun, wasu kuma suna amfani ne da 'yar na'urar jin motsi irin wadda ke juya hoton waya in kin kwantar da ita, ko wadda ke cikin wasu abin sauraro na kunne. Shikenan. Sauran duk ado ne, maki, tauraro, hawa mataki, jerin kwanaki, allon da ke nuna wa ya fi wa. Maganin shi ne kin juya wuyanki dama da hagu, sama da ƙasa, minti kaɗan kullum har kwana 9, abin da wataƙila ba ki taɓa yi ba tunda kika fara sana'ar nan. Kuma wannan naki ne, ba ya cikin wayar, bai mutu da caji ba.

Ni ban raina adon nan ba, don Allah kada ki fahimce ni haka. Masu fisiyo sun daɗe suna kukan cewa ana ba mutum takardar motsa jiki ya kai gida ya yi kwana biyu ya aje, domin motsin wuya abu ne mai gundura, babu gumi babu wanda zai gani ya yaba. Duk abin da zai sa yarinya mai shekara 22 ta yi shi da marmari abin a gode ne. Mu ma da haka aka koya mana abubuwa da yawa, a islamiyya wanda ya kawo hadda ba gyara ake kira gaban aji a yaba mashi, sauran su koma gida da zuciyar gobe sai sun fi shi. Ɗan adam yana son a ƙirga mashi, yana son ya ga ya matsa gaba.

Matsalar ita ce ɗoki yana da kwanakinsa. A Yulin 2016 aka fito da Pokémon GO, gem ɗin da sai ka fita titi da ƙafarka kake kama halittun ciki, duniya ta ɗauka an samu maganin zaman banza. Masu bincike a Jami'ar Harvard suka bi lissafin takun matasa da ke buga shi, a makon farko sun ƙara taku wajen 955 a rana, daga nan abin ya riƙa raguwa, zuwa mako na shida sun koma yadda suke kafin su sauke shi. Wannan fa gem ne da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa. Saboda haka ko da wuta ba ta ɗauke ranar nan ba, ina kyautata zaton da akwai ranar da tsuntsun zai ishe ki, kuma ba lalaci bane ko rashin himma, haka zuciya take da sabon abu.

Shi kuma jerin kwanakin nan da ya koma sifiri, shi ne ya fi ɓata mani rai a labarinki. Dabara ce da manhajar Snapchat da ta koyon yare Duolingo suka shahara da ita, ana tara miki kwanaki har ki ji kin mallaki wani abu, sai tsoron asararsa ya riƙa dawo da ke. Tana aiki, amma tana da mugun gefe, ranar da ta tsinke mutum sai ya ji duk wahalarsa ta tafi a banza ya watsar gaba ɗaya, kamar yadda kika yi. Kuma an tsara ta ne a ƙasashen da ba a san a kwana biyu babu wuta ba. Yanzu sun ce ki biya su maido miki da lamba 9 a fuskar waya. Ƙanwata me za ki saya? Naman wuyanki bai san sifiri ba, kwana 9 ɗin da ya samu ya samu, rana ɗaya da kika tsallake ba ta goge komai ba, makonnin da kika zamna kina fushi su ne suka dawo da ciwon. Ga shi irin wannan kuɗin galibi da dala ake lissafa shi, kuma yana cire kansa daga kati duk wata ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba. Kuɗin nan ki aje shi na yankar katin asibiti da mota zuwa can.

Ga abin da nake so ki yi. Ki bar gem ɗin a wayar, ɓangaren kyauta, ki buga shi sau ɗaya a rana lokacin da kike so, minti biyar, ki ɗauke shi kamar yaji a kan abinci. Ainihin aikin kuma ki ɗaura shi a jikin abin da ba ya buƙatar caji kuma ba kya tsallakewa, wato salla. Ba ina nufin ki cusa shi cikin ibada ba, a'a, in kin sallame kin gama azkar ɗinki, kafin ki naɗe darduma, kafin hannunki ya kai ga waya, wajen minti ukku kacal. Sau biyar a rana ya zama wajen minti goma sha biyar, an kuma raba shi daga asuba zuwa dare, wanda ya fi amfani ga wuya akan ki tara shi lokaci guda. Kin san hadisin da Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, ni na ga jiki ma haka yake so.

Motsin kuwa ba su da yawa. Ki zamna a miƙe, idonki na kallon gaba, ki ja haɓarki baya kamar kina so ki yi haɓa biyu, ba ƙasa za ki sunkuya ba, baya za ki ja kan gaba ɗaya, ki riƙe ki ƙirga biyar ki saki, sau goma. Wannan shi ne babba a cikinsu domin yana tada ƙananan naman gaban wuya da suka yi sanyi saboda turo kai gaba, kuma yawancin gem ba sa kula da shi tunda ba ya tuƙa tsuntsu. Sai ki juya kai dama a hankali har inda ya tsaya da kansa, ki dawo, ki yi hagu, sau biyar-biyar. Sai ki kai kunne wajen kafaɗa ba tare da kin ɗaga kafaɗar ba, ki riƙe daƙiƙa 20, ki yi ɗaya gefen, ke da damarki ke ciwo za ki ji yana ja sosai in kin karkata hagu, ki yi numfashi ki bar shi ya saki. Na ƙarshe ki matse allon kafaɗunki biyu ta baya kamar kin maƙale biro a tsakaninsu, ƙirga biyar, sau goma. In kin yi mako biyu haka ki ƙara ɗaya, ki sa tafin hannu a goshi ki tura kai hannun na tarewa, kai ba ya motsi, ƙirga biyar, sannan ta ƙeya, sannan gefe da gefe.

Jin ja ko ɗan tsami ba komai. Zafi mai kaifi, ko wanda ya harba zuwa hannu, ko jiri, ko gani ya dushe, ki tsaya nan take. Kuma anan ne gem ke da hatsari, domin tsuntsu na gab da cin karo za ki fizge kai da ƙarfi don kada maki ya wuce ki, shi gem ɗin bai san kina jin zafi ba, lamba kawai yake gani. In mataki ya kai inda sai da sauri ake cin sa, ki bar wannan matakin ya tafi. Kuma ki jingina wayar a kan taga ko tarin littattafai daidai idonki, kada ki riƙe ta a cinya kina gyaran wuya a sunkuye.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba amma ke mace ce dole in faɗa. Kamara ce ke kallonki, a ɗakinki, wataƙila babu ɗankwali. Ki shiga saitin wayar ki duba izinin da kika ba shi, kamara kawai yake buƙata kuma lokacin da kike amfani da shi kaɗai, in kin ga ya nemi lambobin mutanenki ko hotunanki ko inda kike, ki hana, in ya ƙi aiki sai da su ki goge shi ki nemi wani. Ki gwada kashe data ki buɗe, in ya yi aiki alama ce mai kyau cewa a cikin wayar yake lissafinsa. Duk da haka ki sa mayafinki in za ki buga, ba zai hana shi ganin hancinki ba.

Gasa kuwa, tunda na ga ita ke motsa ki, ki dawo da ita cikin mutanen da kika sani. Me yasa adashe ke tafiya shekara da shekaru babu kotu babu takarda? Saboda uwar adashe ta san ƙofar gidanki, kuma kina jin kunyar 'yan uwan zubi. Allon gem yana nuna miki sunayen mutanen da ba za ki taɓa haɗuwa da su ba, ko kin zo ta ƙarshe ba wanda zai tambaye ki. Ki samu ƙawar nan da ta turo miki gem ɗin da wasu biyu ko ukku a ajinku, na tabbata ba ke kaɗai ke tausa ƙeya a ɗakin lacca ba, ku buɗe ɗan guruf, kowa ta turo lambar sau nawa ta yi a ranar, daga sifiri zuwa biyar. Ku riƙa tarawa mako-mako, cikakke 35 ne, wadda ta kai 20 ta ci, kuma dokar farko ita ce ba a komawa sifiri, ranar da babu caji ki rubuta a bayan littafinki ki turo gobe. Wadda ta fi kowa a wata sauran su saya mata fura ko awara. Abu kaɗan ne amma za ki ga ya fi tauraron waya daɗi, don hannun mutum ne ya miƙo miki.

Sauran gyare-gyaren ki yi su a hankali. Ki ware wa kwastomomi lokaci biyu ko ukku a rana maimakon kowane ƙarar saƙo ki sunkuya, ki riƙa amfani da saƙon murya in bayanin na da tsawo, in za ki daɗe ki ɗora gwiwar hannu kan filo wayar ta hau kusa da fuska, duk rabin awa ki miƙe ko ruwa ne ki je ki sha. In Android ce wayarki akwai Digital Wellbeing a saiti, zai nuna miki awa nawa kike yi a kowace manhaja, ki duba sau ɗaya ki ga lambar da idonki. Kwanciya rub da ciki da waya a hannu ki daina ta tun daren yau, filo kuma guda ɗaya matsakaici, ba biyu ba. Tsumma da ruwan ɗumi a ƙeya minti goma yana sakin nama, man zafi ma ba laifi. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki maida dikulofinak ɗin kemis abincin kullum, yana cin ciki yana taɓa ƙoda in an daɗe ana sha, kuma kada ki bari kowa ya kama kanki ya murɗe wai sai ya yi ƙara, akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, ba wurin gwajin ƙarfi bane.

Shi kuwa Baba kada ki ja da shi, kada ki kawo mashi Harvard. Ki ce Baba na ji maganarka, na rage, kuma ki rage ɗin da gaske yadda zai gani, in ana cin abincin dare wayar na ɗaki. In ya dawo daga masallaci da isha ya same ki kan darduma kina jan haɓa babu waya a hannunki, zai tambaya da kansa, sai ki nuna mashi, mai yiwuwa shi ma yana da inda ke damunsa a kafaɗa bai faɗa ba. Bayan mako ukku ki sake rubuto mani ki faɗa mani me masu fisiyo suka ce, nawa kika samu cikin 35 a kowane mako, kuma ciwon kan nan ya ragu ko yana nan, domin in yana nan sai mu duba maganar ido da tabarau.